Waƙa a Ɗakin Allura

Karatu: 1 Sama'ila 16:14-23

Ranar rigakafi, tun daga ƙofar asibiti a kan jiyo kukan yara. In ka shiga ka duba, sai ka tarar yawancin masu kukan nan allura ba ta taɓa su ba tukuna. Sun ga fararen kaya, sun shaƙi warin magani, sun ji ihun wanda ya riga su shiga, shi ke nan. Watau tsoro ya riga zafi isowa. Darasinmu na wannan wata a kan wannan tsoro ne, da abin da waƙa ta ke iya yi masa, da kuma abin da ba ta iya yi.

Kada wani ya ce ai ƙaramin abu ne. A shekarar 2012 waɗansu masana a birnin Toronto na ƙasar Kanada suka tambayi yara da iyaye a kan allura. Cikin kowane yara 100, 63 suka ce suna tsoronta. Cikin iyaye 100 kuma, 24 suka amsa cewa su ma har yanzu gabansu ya kan faɗi. A Nijeriya a kan fara yi wa jariri rigakafi tun daga haihuwa, a sāke a mako na 6, da na 10, da na 14, kāna a wata na 9 a yi masa na ƙyanda da na shawara. Wannan mai lafiya ke nan. An ƙiyasta a kan haifi jarirai wajen 150,000 da amosanin jini, watau sikila, kowace shekara a ƙasar nan. Irin waɗannan yara sun san ɗakin ɗibar jini kamar yadda su ke sane da ɗakin uwarsu. Ga kuma masu zazzaɓi da a ke neman jijiyarsu don ƙarin ruwa, ga masu ƙuna da a ke wanke musu miki kowace safiya.

Abin da tsoro ya kan jawo kuwa a fili ya ke. Yaro ya yi ta fizge-fizge, jijiya ta ɓace, a soke shi sau uku maimakon sau ɗaya. Uwa ta ga yadda aka yi kokawa da ɗanta, ta koma gida, ran da wa'adin allura ta gaba ya cika ta ce tana da aiki a gona. Yaron kuma ya girma ya zama magidancin da ba ya zuwa asibiti sai an ɗauko shi ranga-ranga. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

A gidaje da yawa kuma a kan ƙara wa wutar nan itace ba da sani ba. Yaro ya ƙi cin tuwo, sai a ce masa, in ba ka ci ba a kai ka likita ya yi maka allura. An mai da likita dodo ke nan. Ran da za a tafi asibiti da gaske, sai a ce masa kasuwa za a je. A bakin ƙofa a ce masa ba zafi. Da allura ta shiga ya ji zafi ya yi kuka, sai a ce, ashe kai ba namiji ba ne? Cikin safiya guda yaron nan ya koyi abu uku: asibiti wurin horo ne, maganar manya ba abar dogara ba ce, kuka kuma abin kunya ne.

Molon Dawuda

Sai mu duba karatunmu. Sarki Saul ya shiga wani hali na baƙin ciki da firgita, har fādawansa suka rasa yadda za su yi da shi. Shawarar da suka kawo ita ce a nemo wanda ya iya kaɗa molo. Mu lura, gwani suka ce a nemo, ba kowane mai kaɗa tsirkiya ba. Aka ɗauko Dawuda ɗan Yesse daga wurin tumaki. Duk sa'ad da abin ya taso wa sarki, sai Dawuda ya ɗauki molo ya kaɗa, sarki ya wartsake, ya sami sauƙi. Littafin ya kuma gaya mana Saul ya ƙaunaci saurayin nan ƙwarai. Watau ba sautin molo kaɗai ya ke ji ba, hannun wanda ya amince da shi ne ya ke kaɗawa. Mu riƙe wannan, za mu sāke gamuwa da shi.

Amma wanda ya ci gaba da karatu zuwa sura 18 da sura 19 zai ga ɗaya gefen. Har sau biyu aka ba da labari Dawuda yana cikin kiɗa Saul ya jefe shi da māshi. Molo ya kan kwantar da sarki, amma bai warkar da shi ba, wata rana ma ko kwantarwar bai yi ba. Likitocin zamaninmu, bayan gwaje-gwaje masu yawa, kusan a nan suka tsaya su ma.

Abin da likitoci suka gani

A shekarar 1914 wani likitan fiɗa a Amurka, Evan O'Neill Kane, ya rubuta wa jaridar likitocin ƙasar cewa ya kan sa garmaho a ɗakin fiɗa, don hankalin majinyaci ya kau daga abin da a ke yi masa. Mutumin nan ba ƙaramin mai ƙarfin hali ba ne, gama a 1921 ya kashe wurin da allura ya yi wa kansa fiɗa da hannunsa. Shi ne kuwa ya ga ya kamata a tausaya wa matsorata. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu makaɗa suka riƙa zuwa asibitocin sojan Amurka, aka ga amfanin abin, har ya zama sana'ar da a ke koyo a jami'a. A 1950 masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu.

Game da yara, gwajin da ya fi kusa da zancenmu an yi shi a asibitin yara na birnin Edmonton a Kanada, aka buga sakamakonsa a 2013. Yara 42 ne, masu shekara 3 zuwa 11, kowanne za a sa masa allura a jijiya. Aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka sa musu kiɗa a ɗakin, ɗaya kashin aka yi musu yadda aka saba. Yaran da suka ji kiɗa suka ce zafin da suka ji bai kai na sauran ba. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne amsar ma'aikatan. A wajen masu kiɗa, 76 cikin 100 suka ce aikin ya zo musu da sauƙi ƙwarai. A wajen marasa kiɗa, 38 ne kawai. Yara 42 ba su da yawa, gaskiya ne, ba kuwa a gina gida a kan tubali ɗaya. Amma duk malamin asibitin da ya taɓa neman jijiya a hannun yaro mai birgima ya san abin da lissafin nan ya ke nufi.

A birnin Shikago kuma, a 2015, aka gwada da yara wajen 60 masu shekara 9 zuwa 14 waɗanda aka yi wa babbar fiɗa. Waɗansu suka saurari waƙoƙin da su da kansu suka zaɓa na minti 30, waɗansu suka saurari labari, waɗansu kuwa aka rufe musu kunne kawai ba su ji kome ba. Masu waƙa da masu labari duka suka sami ragowar zafi, kamar mataki ɗaya a ma'auni mai mataki 10. Masu shiru ba su samu ba. Ashe kakar da ba ta iya waƙa ba, amma ta iya labarin Gizo da Ƙoƙi, ita ma tana da magani a bakinta.

Har bakwaini an gwada da su. A 2013 aka ba da labarin jarirai 272 da aka haifa kafin lokaci, a asibitoci 11 na Amurka. Aka riƙa rera musu waƙar reno a hankali, wadda iyayensu suka zaɓa. Bugun zuciyarsu ya lafa, tsotsonsu ya ƙaru, iyayen kuma suka ce su ma hankalinsu ya kwanta.

Ta yaya waƙa ta ke rage zafi?

Dā an ɗauka zafi kamar igiyar ƙararrawa ne, a ja a ƙafa ta buga a kai, iyakar ƙarfin ja iyakar ƙara. A 1965 masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo wani bayani dabam. Suka ce saƙon zafi ba ya wucewa kai tsaye, sai ya bi ta wata ƙofa a cikin lakar gadon baya, ƙofar nan kuwa tana iya buɗewa sosai, tana iya tsukewa. Mu kwatanta da zaure. Baƙo ya yi sallama, amma yadda zai shiga ya danganta ga wanda ya ke zaune a zauren, da kuma umarnin da ya fito daga cikin gida. Don haka ne in yaro ya buge gwiwa uwa ta kan murza wurin, ya kuwa ji sauƙi. Murzar ta cika zauren da waɗansu baƙi. Ƙwaƙwalwa ma ta kan aiko da nata umarni. In hankali duka yana kan tsinin allura, ƙofa a wangale ta ke. In rabin hankali ya tafi bin waƙa, sai ta tsuke.

Akwai kuma wani abu. Mafi yawan tsoron yaro a asibiti rashin sanin abin da zai biyo baya ne. Kome na wurin baƙo ne a gare shi. Waƙar da ya sani kuwa, ya san farkonta, ya san inda za ta juya, ya san amshinta. Ita kaɗai ce a ɗakin nan ba za ta yi masa ba-zata ba. In kuma ya shiga yi, tilas ya ja numfashi ya sake shi a hankali, gama ba a waƙa da numfashin mai haki.

Ga jariri, murya ce babbar magana. Tun yana ciki, a watannin ƙarshe, ya ke jin muryar uwarsa. A 1980 waɗansu masana a Amurka suka nuna cewa jariri ɗan kwana uku ya kan bambanta muryar uwarsa da ta wata mace, ya kuma fi son tata. Kalmomin ba su dame shi ba. A 2020 masana a jami'ar Harvard suka sa wa jarirai 144 waƙoƙin reno cikin harsunan da ba su taɓa ji ba, jariran suka natsu duk da haka. Saboda haka uwar da Hausarta ba ta nuna ba kada ta damu. Ta yi da Tangale, ko Ngas, ko Bura, ko Fulatanci, duk wadda aka rene ta da ita.

Muna ganin rabin amfanin waƙar ma a jikin uwar ya ke. Yaro ya kan duba fuskar wanda ya riƙe shi don ya san ko akwai hatsari. In uwa ta ɗaure fuska, jikinta yana rawa, tana ta cewa yi haƙuri, yi haƙuri, ba kome, to yaro ya gane akwai kome. Masu bincike sun lura yawan ba da haƙuri irin wannan ya kan zo tare da ƙarin kuka. Amma mace ba ta iya rera waƙa a hankali tana kuma ƙanƙame da tsoro. Waƙar ta kan fara kwantar da mai yinta, kāna ta gangara zuwa wanda ya ke kan cinya.

Inda waƙa ta tsaya

A nan sai mu yi kashedi da babbar murya. Waƙa ba ta maye gurbin maganin kashe zafi. Har wajen shekarun 1980 likitoci da yawa a ƙasashen Turai da Amurka suna yi wa jarirai fiɗa da ɗan maganin zafi kaɗan ko ma babu, don an ɗauka jariri ba ya jin zafi kamar babba. A 1987 wani likita mai suna Anand da abokan aikinsa a Oxford ta Ingila suka nuna cewa bakwainin da aka ba maganin zafi sosai lokacin fiɗa sun fi sauran murmurewa lafiya. Daga nan al'adar ta fara sākewa. A 1997 kuma aka nuna a Toronto cewa jarirai maza da aka yi wa kaciya ba tare da an kashe wurin ba sun fi sauran kuka ran da aka yi musu rigakafi bayan wata 4 zuwa 6. Ba su tuna da kaciyar da hankalinsu ba, amma jikinsu bai manta ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Muna yabon dauriya, dauriya kuwa abu ne mai kyau ga wanda ya isa ya zaɓe ta. Amma in za a yi wa yaro kaciya, ko ɗinki, ko gyaran karaya, ko wankin ƙuna, uba ya tambaya da ladabi ko akwai abin kashe zafi, in akwai a sa. Bayan haka a yi waƙa. Wanda ya ce a bar magani tun da za a rera waƙar sujada, bai girmama waƙar ba, yaron kawai ya cuta. Akwai kuma yaron da in ya tsorata ba ya son ƙara ko kaɗan, sai a rungume shi shiru. Irin wannan kada a tilasta masa.

Yadda za a yi

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a kan rage zafin rigakafi. Ta ce mai reno ya kasance a wurin, a riƙe ƙaramin yaro a jiki, babba kuwa ya zauna zaune maimakon a kwantar da shi. Ta ce a ba jariri nono lokacin allurar ko gab da ita. Ta ce a ɗauke hankalin yaran da ba su kai shekara 6 ba da abin wasa, ko hira, ko kiɗa, kada kuma a gaya wa yaro abin da ba gaskiya ba. Duk cikin waɗannan babu na saye.

Aikin daga gida ya ke farawa. Yaron da ya isa jin magana a gaya masa gaskiya a taƙaice: za mu asibiti, za a yi maka allura, za ka ji kamar cizon cinnaka, ba zai daɗe ba, ina tare da kai. Kāna a tambaye shi wace waƙa za mu yi. Ya zaɓa da kansa, ko da wadda ya zaɓa ta makarantar Lahadi ce da an gaji da ji, ko ta wasan dandali. Yaron da aka hana shi zaɓen kome a ranar nan, a bar masa wannan ɗaya.

In an isa, a gaya wa nas abin da a ke so a yi. Yawancinsu za su yi murna, gama su ma kunnensu ya gaji. A fara waƙar tun a layi, ko tun a na shafa auduga. Wanda ya jira sai kuka ya ɓarke ya makara, ihu ya riga ya rufe kunnen yaron. Murya ta zama ƙasa-ƙasa, kusa da kunnensa, ba sauri. Ga ɗan shekara huɗu ko biyar, waƙa mai amshi ta fi, uwa ta bayar shi ya amsa, ko ya riƙa tafi da hannun da ba a riƙe ba. In allura ta shiga ya yi ƙara, kada a yanke waƙar a koma ba da haƙuri. A ci gaba da ita yadda a ke yi, har a gama, har a ɗan wuce. Sau da yawa kukan da zai kai minti biyar ya kan mutu kafin a kai ƙarshen baiti.

Waya fa? Tana da amfani, musamman ga manyan yara da ke kwance kwana da kwanaki, ko inda ba a barin iyaye su shiga. A sa musu abin da su ke so, ba da ƙarfi ba. Amma ga ƙaramin yaro muna ganin muryar mutum ta fi. Waya ba ta san yaro ya firgita ba balle ta sassauta, ba ta kuwa da ƙirjin da zai jingina.

Saura wata matsala tamu ta gida, watau kunyar ɗan fari. Mace da yawa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, balle ta rera masa waƙa a gaban mutane, ga surukarta a zaune. Ba mu ce a yar da al'ada a ƙofar asibiti ba. In uwa ba za ta iya ba, to a tafi da kaka, ko goggo, ko yayar da ta saba goyonsa, wadda ya san muryarta. Abin da ba shi da kyau shi ne a bar yaron a hannun baƙi, uwa ta juya baya tana kallon bango don kada a ce ba ta da kunya. Ubanni kuma, masu tsayawa a waje kamar ba da su aka zo ba, su sani babbar murya a hankali ta kan kwantar da yaro ƙwarai, musamman in kansa yana kan ƙirjin mai yin ta.

Ga Zumuntar Mata da ƙungiyar mawaƙa masu zuwa gai da marasa lafiya, ɗakin yara ba dandalin taro ba ne. Mutum 20 da tulu da kacau-kacau za su tashi jaririn da uwarsa ta kwana tana lallashi. A bar kayan kiɗa a gida. Mutum biyu ko uku sun isa, su nemi izinin mai lura da ɗakin, su tambayi uwar wace waƙa yaron ya sani, su zauna daidai tsayinsa maimakon su tsaya a kansa. A gadon da ke kusa kuma wataƙila maƙwabciyarmu Musulma ce da nata ɗan. A gaishe ta, a tambaye ta jikin yaro, a tambaya ko muryar ta dame su. In ta ce yaronta yana barci, a koma raɗa.